Yadda za ka yi waiwaye bayan intanshif a ƙungiyar Yahudawa, ka rubuta rifot mai nama a jiki

Satin da ya wuce ƙanena da ke aji uku a jami'ar Ɗanfodiyo ya same ni gida nan Mabera da logbuk ɗinshi na IT, littafin da ɗalibi ke rubuta abin da ya yi kullum a wurin sanin makamar aiki, wai Yaya don Allah taimaka min mu cike, jibi za a karɓa. Na buɗe, wata shida cur yaro shina zuwa wurin aiki amma ko layi guda bai rubuta ba, so yake mu zauna dare ɗaya mu ƙirƙiro mishi Litinin na je ofis, Talata na je ofis na taimaki oga. Na yi mishi faɗa sosai, daga baya kuma na ji kunyar kaina, don nima saura ƙiris in yi irin wannan aika-aikar a 2024 lokacin ina karatun digiri na biyu kan aikin jin daɗin jama'a a Amurka, makaranta ta tura ni intanshif, wato sanin makamar aiki, wata ƙungiyar Yahudawa mai taimakon al'umma, daga Satumba zuwa Disamba, anka ce in na gama in kawo shafi goma na waiwaye kan abin da na gani da abin da ya canza a tunanina.

Kafin wani ya zabura, ba wurin ibadarsu ba ne, ba kuma ofishin jakadancin Isra'ila ba. Ofis ne na taimako irin wanda kusan duk babban gari a Amurka akwai shi, suna da sito na abinci da mabuƙata ke zuwa ɗauka, suna kula da tsofaffi, suna karɓar 'yan gudun hijira, kuma da yawa daga masu zuwa neman taimakon ma ba Yahudawa ba ne, na ga 'yan Afganistan, na ga 'yan Kwango, na ga Turawa talakawa da baƙaƙen Amurka. To ga duk wanda Allah ya kai shi irin wanga wuri, ko ta karatu ko ta wani shirin musaya, ga yadda na ga ya kamata ya bi, kuma rabin maganar za ta yi wa mai IT a nan Sakkwato amfani ko da bai taɓa hawa jirgi ba.

Abu na farko, waiwaye ba ranar ƙarshe ake fara shi ba. Ka sayi ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihu, kullum kafin ka kwanta ka rubuta abu uku: mi na gani yau da idona, mi ya ba ni kunya ko haushi, mi ne ne ban gane ba. Layi biyar ya isa. Ni sati biyun farko ban yi ba, ina cewa ai zan tuna, wallahi yanzu in ka tambaye ni mi ya faru a waɗannan sati biyun sai dai in ce an zagaya da ni ofis an ba ni kati mai hotona. Wata malamarmu ce ta matsa min lamba na fara, kuma duk abin da ya yi daɗi a rifot ɗina daga wannan ɗan littafin ya fito. Amma kar ka kuskura ka rubuta sunan wanda ya zo neman taimako ko adireshinshi ko cutar da ke damunshi, ko a littafinka na aljihu, can sirrin mutum doka ce mai haƙori, za su sa ka sa hannu a takarda tun ranar farko. Ka ce wata dattijuwa, ka ce wani magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi ke nan.

In da bizar karatu ta F-1 kake, kar ka taka ofishin da sunan aiki sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ya sa maka izinin yin intanshif da ake kira CPT a takardar shaidar ɗalibtarka ta I-20, wannan ba abin wasa ba ne. Sai kuma ka zauna da kalandarsu ka ƙirga awanninka tun da wuri. Su ma da wata suke lissafi kamar mu, sai dai suna ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19, shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya shekara kamar yadda azuminmu ke yi daga zafi zuwa damina zuwa ɗari, kullum manyan suna faɗowa Satumba ko Oktoba. A shekarar da na yi, sabuwar shekararsu ta 5785, Rosh Hashana, ta faɗo 3 da 4 ga Oktoba, Alhamis da Juma'a, bikin bukkoki Sukot ya zo 17 da 18, Alhamis da Juma'a, ƙarshen bikin kuma 24 da 25, nan ma Alhamis da Juma'a, ofis a rufe duk waɗannan ranakun, ni kuwa Alhamis da Juma'a na cikin ranakun aikina. Kwana shida sunka tafi a wata guda, sai da na riƙa biyan bashin awanni har cikin Disamba ana zuba ƙanƙara. Yom Kifur ta faɗo Asabar 12 ga wata, ranar da suke azumin kusan awa 25 ba ci ba sha, tun daga faɗuwar rana har dare ya yi washegari, na ce wa wani abokin aiki mu namu wata guda ne amma muna shan ruwa da magariba, ya ce shi dai a bar shi da nashi na kwana ɗaya.

Juma'a kuwa ta zo min da sauƙi. Asabar ɗinsu, Shabat, tana shiga ne da faɗuwar ranar Juma'a kamar yadda mu ma ranarmu ke farawa da magariba, ana kunna kyandir minti 18 kafin rana ta faɗi, kuma lokacin sanyi rana na faɗuwa tun wajen huɗu da rabi, don haka ofis na tashi da wuri. Da na ce wa shugabata ina son fita ƙarfe ɗaya zuwa masallaci ko tambayar dalili ba ta yi ba. Ka faɗi buƙatarka ta sallah tun satin farko, a sarari, ba tare da kame-kame ba. Ni ɗakin littattafai sunka ba ni, ina shimfiɗa dardumata tsakanin kantoci. Kar kuma ka tura wa kowa imel na aiki ranar Asabar kana jiran amsa, masu riƙo da addini a cikinsu ko waya ba sa taɓawa, ba sa tuƙi, ba sa kunna wuta, sai taurari sun fito.

Yanzu bari in zo kicin, don a nan na fara cin karo. Na dafa shinkafa da miyar nama a gida, naman halal na sayo a shagon wasu 'yan Somaliya, na zo da ita a kula, lokacin cin abinci na jefa a na'urar ɗumama abinci da ke kusa da ƙofa, na zaro cokali daga durowa mai shuɗin fenti na zauna ina ci hankali kwance. Wata dattijuwa 'yar sa-kai ta shigo, ta dubi kwanona, ta dubi cokalin, ta yi shiru kamar na daƙiƙa biyar, sannan a hankali ta ce ɗana nama ne wannan? Na ce eh Mama, halal ne ma, bismillah. Ashe na haɗa laifi biyu. A ƙa'idar kosha, wato dokar abincinsu, ba a haɗa nama da madara ko abin da anka yi da madara, ba a tukunya ɗaya ba, ba a cokali ɗaya ba, shuɗi na madara ne, ja na nama, kore na abin da ba nama ba madara ba kamar ƙwai da kayan lambu, sannan naman da ba yankansu ba ko da halal ne bai shiga kicin ɗin sam. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai ɗauke cokalin ta naɗe a takarda ta ajiye gefe, anka liƙa takarda jikin na'urar cewa kar a yi amfani da ita sai an tsarkake ta, duk wanda ya shigo sai ya karanta, ni kuma ina zaune kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wannan labarin shi na buɗe rifot ɗina da shi, kuma abin da nake so ka gane ke nan, ranar da ka ji kunya ita ce ranar da ka koyi abu, kar ka ɓoye ta. Amma kar ka tsaya a labarin kawai, ka bi shi ka ga ina ya kai ka. Ni ya sa na je na karanta ƙa'idar gaba ɗaya, na gane cewa zaton da nake yi wai kosha da halal abu ɗaya ne kuskure ne. Alade dai mun haɗu a kai, da jini, da mushe. Amma su raƙumi haram ne gare su, zomo ma haka, kifi sai mai ɓawo da fiffike, wato tarwaɗar Kwalkwalawa da muke rububi ba za su taɓa ba, mai cin tsire kuma ba zai kora da fura da nono ba sai ya jira, wasu har awa shida. Giya kuwa akwai ta kosha, don haka in ka ga alamar kosha, U a cikin da'ira, jikin kwalba ko kwali kar ka ce shi ke nan ta halatta gare ka, ka karanta abin da ke ciki. Abin da ya ba ni dariya, wasu nau'in fara halal ne a Attaura, Yahudawan Yaman na cin ta, da na nuna musu hoton soyayyar fara da yaji irin ta bakin kasuwarmu rabin ofis sunka taru kan wayata.

Abu mafi nauyi da na ɗauko kuwa a siton abinci ne. Ranar Talata ake rabo, amma ba rabo ba ne irin wanda ka sani, babu layi a rana, babu buhu da anka ɗaure anka miƙa maka. An jera kaya a kanta kamar shago, mutum na da lokacin da anka ba shi, ya shigo ya ɗauki kwando ya zaɓi abin da gidanshi ke ci, ɗan sa-kai na biye da shi suna hira, a zuba mishi a jaka irin ta kowane kanti ya fita ta wata ƙofar daban, wanda ya gan shi a titi zai ce daga cefane yake. Ni da na ga abin ya burge ni sai na zaro waya zan ɗauki hoto, a raina ina cewa wannan ai sai na nuna a gida, kuma ai masu ba da kuɗi za su so su gani. Ban ko ɗaga wayar sosai ba shugabata ta dafa min hannu, ta ja ni gefe ta ce a nan ba a ɗaukar fuskar mai karɓa, ko da ya yarda, don wanda ke jin yunwa zai yarda da komi.

Maganar ta tsaya min a wuya har na koma gida. Don na tuna azumin da ya wuce kafin in tafi, ƙungiyarmu ta samarin unguwa mun yi rabon gero da sukari, ni da kaina na tsara zawarawa da marayu a layi, kowa ya riƙe ledarshi a ƙirji, bana a bayansu mai sunan ƙungiya, na ce Inna ɗan ɗago kai mana, na ɗauka na watsa a Facebook, har ina ƙirga masu yabawa. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta ja mayafi ta rufe fuska, na ce mata Inna buɗe mana a gan ki. Allah ya yafe min.

Daga baya shugabar ta ba ni wata takarda mai matakan sadaka takwas na malaminsu Musa bin Maimun, wanda anka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus, ya rasu a Masar a 1204, likita ne a fadar Salahuddin, kuma da yawan rubutunshi da Larabci ya yi amma da baƙaƙen Ibraniyanci, kamar dai yadda mu muke ajami. Su tsedaka suke cewa, tushe ɗaya da sadaka tamu, sai dai a wurinsu kalmar ta fi kusa da adalci, wato haƙƙi ne ba alfarma ba. Matakin ƙasa shi ne ka bayar kana ɓata rai. Can kusa da sama, ka bayar ba ka san wa ya karɓa ba shi ma bai san wa ya bayar ba. Na ƙoli shi ne ka ba mutum rance ko jari ko ka sama mishi aiki har ya daina buƙatar kowa, shi ya sa suke da asusun rance mara ruwa, na birnin New York tun 1892 yake aiki har yau. Ina karantawa ina jin haushin kaina, don babu ɗaya a ciki da ban sani ba tun ina makarantar allo, hadisin wanda ya yi sadaka ya ɓoye har hagunshi bai san abin da damanshi ya bayar ba kowa ya haddace shi, ayar da ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa tana nan a Baƙara muna karantawa kullum. Bambancin kawai su sun mai da shi tsarin ofis, akwai ƙofar shiga daban ƙofar fita daban, akwai doka a rubuce kan hoto, sabon ɗan sa-kai ma sai ya sa hannu a kai.

To a rifot ɗinka irin wannan wurin za ka daɗe. Ka faɗi abin da ya faru, ka faɗi abin da kai ka saba yi, ka faɗi mi ya sa kake ganin wani ya fi wani, sannan ka faɗi ta yaya anka gina shi a aikace, wa ke riƙe da makulli, wane fom ake cikewa, wa ke duba wa.

Ka kuma bi sawun kuɗi, yawancin 'yan intanshif ba sa yi. Ka nemi akawun ofis ya ba ka rabin awa. Irin waɗannan ƙungiyoyin a Amurka rajistar 501(c)(3) suke da ita, ba sa biyan haraji, amma duk shekara sai sun cike fom mai lamba 990 wanda kowa zai iya gani a intanet, nawa ya shigo, nawa ya fita, har albashin manyan ma'aikata. Na buɗe na ƙungiyar da nake na ga albashin shugabar ofis gaba ɗaya baro-baro, na ce tabɗi, a gida ka tambayi ma'ajin ƙungiya rasit ɗin buhu goma sai a ce ka zarge shi da sata, a kai ƙararka wurin dattawa. 'Yan kwamitin amintattu ba a biyansu, su ne ma ake sa ran su fara zuba nasu. Za ka riƙa ganin gudummawa dala 18, 36, 180, 360, na ɗauka kuskuren na'ura ne sai anka ce min kalmar rai a harshensu, hai, in ka lissafa baƙaƙenta 8 da 10 ne, 18 ke nan, kamar lissafin abjadi da malamanmu ke yi. Kuma duk wanda ya ba da ko dala 18 ce sai an aika mishi takardar godiya da sa hannu cikin 'yan kwanaki, ni na liƙe ambulan sun fi ɗari biyu da hannuna, aikin da na fi tsana ke nan, amma shi ya sa mutum ke sake bayarwa baɗi.

Sai maganar da kowa ke jira, Falasɗinu. Kar ka yi kamar babu ita, a ofis ko a rifot. Ranar Litinin 7 ga Oktoba 2024 ina ofis, shekara guda cif da harin Hamas da ya kashe kusan mutum 1,200 anka kama wajen 250, kuma a lokacin ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce waɗanda anka kashe a can sun haura 41,000. Anka yi ɗan taron addu'a a zaure, wata ma'aikaciya na kuka don tana da dangi a can. Na tsaya a baya na yi shiru, kamar yadda za ka tsaya a gidan makoki ko na wane ne. Bayan kwana biyu wani abokin aiki ya tambaye ni a mota mi nake gani, na ce mishi gaskiya, kashe farar hula ranar 7 ga wata zalunci ne, abin da ake wa Gaza kuma zalunci ne mai girman gaske, yara ne ke mutuwa ƙarƙashin gini kuma ba zan iya kiran shi da wani suna ba. Ya yi shiru har munka wuce danja biyu, sannan ya ce shi da mahaifinshi sun daina maganar a teburin cin abinci don kullum sai an tashi baram-baram. A ofishin nan akwai mai tutar Isra'ila a tebur, akwai wadda ke zuwa zanga-zangar neman tsagaita wuta, akwai wanda bai son a tada zancen sam. Shawarata, kar kai ka fara tada ta a wurin aiki, in an tambaye ka kar ka yi ƙarya don a so ka, kuma kar ka ɗora wa tsohuwar da ke jera gwangwanin wake alhakin abin da gwamnatin wata ƙasa ta yi, kai ma ka san zafin a ganka da sunan Musulmi ɗan Arewa a fara yi maka tambayar Boko Haram.

Za ka ga tsaro a ƙofa kamar banki, mai gadi da kyamara da ƙofa biyu, kar ka ɗauka don kai ne. Tun harin 27 ga Oktoba 2018 da wani ɗan bindiga ya kashe mutum 11 a wurin ibadarsu a Pittsburgh sunka ƙara ɗaure ko'ina. Kuma kar ka rubuta Yahudawa suna kaza, Yahudawa ba sa kaza, kamar su duka uwa ɗaya uba ɗaya. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya ce sun kai miliyan 7.5 a Amurka, kashi 37 cikin ɗari 'yan Rifom ne masu sassauci, 17 'yan tsakiya, masu tsananin riƙo kashi 9 kacal, saura da yawa ba sa bin kowane ɓangare. Wani da 'yar hularshi a ka ba ya musabaha da mace, wata kuma ranar Asabar take zuwa kallon ƙwallo. Ka rubuta mutanen da ka gani, iyakarka ke nan.

In ka zo zaman rubutu, ka baje ɗan littafinka ka ja layi ƙarƙashin ranaku uku ko huɗu da har yanzu in ka karanta sai ka ji wani abu a ƙirji, su ne rifot ɗin, sauran ka bar su. Duk jimlar da ta fara da na koyi abubuwa da dama ko wannan dama ta buɗe min ido, goge ta, kowa ma haka yake rubutawa, malamin da zai duba ya karanta irinta ɗari. Tarihin ƙungiya sakin layi ɗaya ya ishe shi, sun fi ka sani. Kar ka mai da shi waƙar yabo, ka faɗi abin da bai yi maka ba cikin ladabi. Ni na rubuta cewa takardu sun yi yawa, mutum ya zo da yunwa sai ya amsa tambaya shafi huɗu kafin a ba shi taliya, kuma tafinta ba ya isa, wata rana da Larabcina na Islamiyya na yi wa wata 'yar Sudan tafinta muna ta fama. Shugabata ta karanta ta ce wannan sashen ta fi so.

Kar kuma ka dawo kana rena gida, wannan cutar 'yan dawowa daga waje ce. Akwai wani tsoho da nake kai wa abinci duk Alhamis, shekararshi ta haura 90, yaro ne ƙarami lokacin da 'yan Nazi sunka hallaka Yahudawa miliyan 6 a Turai, shi ya tsira, gidanshi tsaf, firij cike, magani a jere, amma daga Alhamis zuwa Alhamis wani lokacin ba wanda ke buga mishi ƙofa sai ni da mai jinya. Minti goma anka ce in yi, sai in yi arba'in, shina riƙe da hannuna shina tambayata wai da gaske a garinku tsoho na zama ƙofar gida duk mai wucewa sai ya durƙusa ya gaishe shi? Na ce ƙwarai kuwa Baba, kakata ma a Rijiyar Ɗorowa har korar jikoki take don sun dame ta. Su sai da sunka ɗauki ma'aikaci da albashi da fom kafin a samu mai zuwa gaida tsoho, mu kyauta muke da shi. Wannan ma ya shiga rifot, shafi guda da rabi.

Kafin ranarka ta ƙarshe, ka nemi takardar shaida tun saura sati biyu, tun ana ganin fuskarka, ka tura wa shugabarka jerin ayyukan da ka yi don ta samu abin rubutawa. Ka rubuta godiya da hannu, suna daraja wannan sosai. Tsaraba kuma kar ka kai abinci, ka ga dai abin da ya same ni, kilishi ma kwastan ɗin Amurka ba sa bari ya shiga tun a filin jirgi. Ni 'yan jakunkunan jar fatar Sakkwato na sa anka aiko min, na gaya musu fatar jar akuyarmu ce da Turawa sunka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can take bi ta isa gare su.

Da ka dawo gida kuma ka shirya wa tambaya. Kawuna ya kira ni zaure bayan isha'i ya ce kai yanzu duk ofisoshin Amurka ka rasa na zuwa sai na Yahudu? Na ce Kawu makaranta ce ta tura ni, kuma ai kun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkenshi na jingine wurin wani Bayahude kan sha'ir da ya karɓa wa iyalinshi. Ya yi shiru, sai ya ce to sallah fa? Na ce ko ɗaya ba ta wuce ni ba. Ya ce abinci fa? Na ba shi labarin cokali, ya yi dariya har da tari, ya ce ashe akwai waɗanda sunka fi mu tsanani.

Shafin ƙarshe na rifot ɗin anka ce mu rubuta abu ɗaya da za mu yi in mun koma, guda ɗaya tak wanda za a iya dubawa a ga ko an yi. Ni na rubuta zan hana ɗaukar hoton masu karɓa a ƙungiyarmu. Azumin da ya biyo baya na kawo maganar a mitin, anka yi ta gardama har sakatarenmu ya ce in ba hoto wa zai yarda mun raba, Alhazan da ke ba mu kuɗi da mi za mu nuna musu? A ƙarshe munka tsaya kan a ɗauki hoton buhuna da rasit, a buɗe littafi mai lamba maimakon suna, mai unguwa da liman su sa hannu, kayan kuma a kai gida-gida bayan tarawi a Keke Napep. Alhaji ɗaya ya janye, biyu sunka ci gaba. Littafin na nan wurin ma'ajinmu, ƙanena kuma na ce ya je ya samu sufabaizanshi ya faɗa mishi gaskiya ya roƙi ƙarin sati guda.